Wasiƙa Daga Kano Kan Rusau Da Abin Da Jaridu Ke Bari A Baya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da sauran jama'armu na unguwar Nima a birnin Akra. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi game da rushe-rushen da aka yi a Kano, inda ka ce ka karanta jaridu har ka gaji amma ba ka gane wane ne mai gaskiya ba. Ba laifinka ba ne, domin mu da abin ya faru a gabanmu ma, da jarida kaɗai muka dogara da ita, da ba mu fi ka sani ba.

Ka dai san yadda aka fara. An rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayun 2023, kuma ba a yi mako guda ba katafila ta shiga aiki. An rushe ginin shaguna na filin sukuwa, da gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, da shagunan da suka kewaye filin Idi, har da shataletalen ƙofar gidan gwamnati wanda aka gina a 2017 domin cikar jihar shekara 50. Hujjar gwamnati ita ce filayen al'umma ne gwamnatin Ganduje da ta gabata ta yanka ta raba, su kuma masu gine-ginen suka fito da takardu ɗauke da hatimin gwamnatin jihar, suka ce da kuɗinsu suka saya.

To, a nan ne nake ganin jaridu suka gaza. Yawancin rahotannin da na karanta, na Turanci da na Hausa, tsarinsu ɗaya ne: a ɗauko sanarwar kakakin gwamnati a sa a sama, a nemo martanin jam'iyyar adawa a sa a ƙasa, a liƙa hoton katafila cikin ƙura, shi ke nan an gama labari. Da haka maganar ta koma rigima tsakanin Kwankwasiyya da Gandujiyya, kowa ya karanta da hular da ke kansa. Alhali kuwa tambayoyin da za su raba gardama a rubuce amsarsu take, tana cikin fayil a ma'aikatar ƙasa. Wane ne ya sa hannu aka yanka filin, a wace shekara, nawa aka biya, kuma kuɗin asusun gwamnati suka shiga ko aljihun wani? Shin an soke takardar mallakar kafin a kawo katafila? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, amma ta shar'anta a ba da sanarwa, kuma ta tanadi diyya a kan abin da mutum ya gina. Ɗan jaridar da ya riƙe wannan doka a hannu ɗaya, fayil a ɗayan, ba ya bukatar jiran abin da ɗan siyasa zai faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ba sa fitowa a labarin ko kaɗan. Mai gini yana da lauya, yana da ƙungiya, yana iya kiran taron manema labarai. Amma shagon da aka rushe, galibi ba mai shi ne a ciki ba. Ɗan haya ne, wanda ya biya kuɗin shekara, ya karɓo atamfa da shadda bashi daga Kantin Kwari bisa alkawarin zai riƙa biya yana sayarwa, kuma yana da yaran shago biyu ko uku da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Wannan mutumin ba shi da takardar da zai kai kotu, sunansa ba ya cikin jerin masu karɓar diyya, kuma uban gidansa na kasuwa ba zai yafe masa bashi don an yi rusau ba. A kwanakin nan hotunan da suka fi yawo su ne na matasa a kan ɓaraguzai suna fisgar rodi da ƙofofi da tagogi, wasu da guduma, wasu da baro, 'yan gwangwan na jira a gefe da sikeli. An yi ta rubutu a kan tarbiyyar waɗannan yara, amma da wuya ka ga an bi ɗan hayan gida an tambaye shi yadda ya kwana.

Sai kuma rashin bibiya. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jihar ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya a watan Disamba aka sasanta a kan biliyan 3. An buga labarin hukuncin da manyan haruffa, na sulhun ma an buga, amma yadda aka raba kuɗin, da ko wani abu ya kai hannun ƙananan 'yan kasuwa, wannan aikin wata da watanni ne, kuma jaridunmu ba su cika yin irinsa ba. Ina yi musu uzuri ta wani ɓangaren, domin wakilin da ba a biya shi albashi a kan kari, kuma jaridarsa na jiran tallar gwamnati, ba za a sa ran ya kwana a kan fayil ba. Uzurin dai bai mayar da rahoton cikakke ba.

Kai ma ai ka ga irinsa a nan wurinku. Lokacin da hukumar birnin Akra ta rushe wani sashe na unguwar talakawa ta Old Fadama a watan Yunin 2015, bayan ambaliyar da aka yi a farkon watan, jaridu sun daɗe suna kiran unguwar da sunan Saduma da Gomorata, har mai karatu ya riga ya yanke wa mazaunanta hukunci tun kafin a rushe ɗaki ɗaya. Haka aka yi wa unguwar Maroko a Legas a 1990, aka kwashe dubban ɗaruruwan mutane da sunan tsabtace gari, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan.

Rikicin ƙasa na gaske kuwa, wanda ke cin talaka kullum, ba ya ma isa shafin jarida sai an zubar da jini. A bayan gari, inda birni ke cinye gonaki, dillali zai yanka gona awon igiya, ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, kowanne da takardar ciniki da sa hannun shaidu. Wani kuma filin gado ne, ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa mata ba. Mutum zai yi shekaru yana tara bulo, ya kai ginin linta, sai ya wayi gari ya tarar da jan fenti a bangonsa, a ce masa wurin hanya ce ko magudanar ruwa a taswirar da bai taɓa gani ba. Ranar da aka rushe, jarida za ta ce an rushe gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, ba tare da ta tambayi inda hukuma take ba lokacin da ake haƙa harsashi.

Saboda haka, game da fulotin da ka ce ana yi maka tayi a bayan gari, kada ka turo ko sisi tukuna. Ka sa a aiko mini da hoton takardun, ni kuma zan je da lauya a bincika a ma'aikatar ƙasa, sannan in ga mai unguwar wurin da maƙwabtan filin ido da ido, in ji ko akwai magadan da ba a sallama ba. Duk abin da na samo zan sanar da kai, in sha Allahu.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da Malam Liman. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini, daga Kano.