Mai son sauya wa tsohuwar mota inji, ya fara duba bodi

Assalamu alaikum Malam Edita.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu sha'awar sayen tsohuwar ƙaramar mota su cire injinta su dasa mata wani mai ƙarfi. Abin yana burge ni sosai, amma yadda ake zaɓen motar ne ke damu na, sai kaga mutum ya je ya tsaya yana sauraron ƙarar inji yana murna wai lafiyarsa ƙalau, alhali injin nan shi ne abu na farko da zai cire ya ajiye gefe.

Bodi kake saye ɗan'uwa, ba inji ba. Ka sa a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka ɗaga kafet ka ga ƙasan, ka duba inda shokozoba ke zama da inda ake kafa jak da bakin tayoyin baya da wajen batir, tunda nan tsatsa ta fi ci. Ka riƙe ɗan maganaɗisu kana bin jikin da shi, duk inda ya ƙi kamawa to fila, wato abin cike lotsawar bodi, aka cika aka shafe da fenti. Wallahi gara motar da injinta ya buga amma shasinta a miƙe yake, da wadda ke tashi bugu ɗaya amma ta taɓa yin mummunan haɗari an ja ta an yi walda, domin in ka ƙara wa irin wannan ƙarfi, wajen waldar ne zai fara buɗewa kuma a guje zai buɗe.

Sai kuma dangi. Injin da ya fito gida ɗaya da motar ya fi sauƙin zama nesa ba kusa ba. Honda Civic ta 1992 zuwa 2000 shi ya sa ake rububinta, injin Honda samfurin B16 ko B18 yana shiga kusan ba yanka ba walda saboda tana raba kaya da yawa da 'yar uwarta Honda Integra, amma in ka ce K20, wani samfurin injin Honda na baya-bayan nan, kake so to lissafi ya canza, shi juyinsa ma ba ɓangare ɗaya ba ne da na B, dole sabbin kujerun inji da aksul da wayoyi. BMW E30 tana karɓar injin BMW samfurin M50 mai silinda 6, sai dai sai ka nemo kaskon mai na motar BMW E34 kuma za ka yi fama da bustar birki, wato abin da ke ƙara wa birki ƙarfi, saboda matsin waje. Volkswagen Golf 2 ana sa mata injin VR6 mai lita 2.8, tana gudu kam, amma gaba yana nauyi har ka ji a sitiyari in ka shiga kwana. Ni a ganina mai farawa ya kama Civic ya huta.

Wayoyi su ne ke kwantar da aiki a gareji wata da watanni. Motocin da suka girmi 1996, shekarar da Amurka ta wajabta OBD2, wato tsarin da ake gano matsalar mota da kwamfuta, wayoyinsu ba su da yawa, su kuwa sabbin injina suna zuwa da kwamfuta da makulli mai lamba, in ba ka sayo inji da giyabos da kwamfutarsa da wayoyinsa da makullin duka daga mota ɗaya ba, mai rewaya zai sha wahala kai ma ka sha.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne birki. Motar da aka ƙera da inji mai ƙarfin doki 90 ka mai da ita 200 ka bar mata birkinta na asali da tsofaffin tayoyi, wannan ba ranka kaɗai ka sa a haɗari ba, har na masu tafiya a gefen titi. A ware kuɗin birki da lagireto babba da kuloci tun kafin a sayi injin.

Kuma a ƙasashe da yawa lambar inji tana cikin takardun mota, wasu ma suna gwajin hayaƙi, don haka a tambayi hukumar rajista me doka ta ce kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu