Sitabilaiza kaɗai ba ta isa ta tsare mana kayan wuta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda wuta ke ƙone wa mutane kaya a gidajensu, kuma kullum maganar ɗaya ce, a yi salati ace Allah ya mayar da alheri, a ci bashi a sayi wani, bayan wata shida a sake komawa gidan jiya.

Ni abin ya faru dani ne a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin nan da arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna. Ranar da aka dawo da wuta a layinmu wajen sha ɗayan dare ne, yaran maƙota har sun fara ihun an kawo an kawo, ni kuma ina kwance a tsakar gida kan tabarma sai naga ƙwan ƙofar kicin ya yi wani irin haske fari fat wanda ban taɓa gani ba, kafin in miƙe ya fashe, fankar ɗaki tana juyi kamar zata tsinke daga silin, sai ƙaurin roba ya cika gidan. Kafin in kai hannu kan canji-oba in sauke, firizar maiɗakina ta tafi, tibi ta tafi, dikoda, cajar waya uku, har da rediyon Hajiyarmu da take jin labaran safe da ita. Firizar nan fa ita ce jarin uwargida, da ita take ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, daga nan ake samun rabin cefane da kuɗin Islamiyyar yara. Naga matar nan ta zauna a gefen firizar ta ɗora hannu kan murfin bata ce uffan ba, wallahi har yau in na tuna sai naji abu ya tokare min ƙirji.

Da na leƙa waje sai naga gidajen da ke tsallaken titi su wutar tasu ja ce kamar aci-balbal, alhali taransfoma ɗaya muke sha. Washegari mai gyaran wutar unguwarmu, wani dattijo da ya haura shekara talatin yana wannan aiki, ya kama hannuna muka je gindin taransfomar ya nuna min inda aka datse waya. A kwanakin da babu wuta ɓarayi sun samu sarari, tunda ba abin da zai ja su, sun yanke wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, da ta at, wato wadda ke shiga ƙasa, saboda jan ƙarfen da ke ciki. Yace min Malam wutar da ya kamata ta shigo gidanka 230 ce, tsakanin fes ɗaya, wato wayar da ke kawo wuta, da nutural, amma tsakanin fes da fes kusan 400 ce, to da zarar nutural ya tsinke ba abin da ke daidaita rabon, sai gidajen da kayansu ba su da nauyi su sha mai yawa, waɗanda suka jona kaya da yawa su samu 'yar kaɗan. Tun daga ranar na riƙe wannan alama, in kaga naka ƙwai ya yi haske fiye da kima na maƙocinka kuma ya dushe, kar ka tsaya kallo, ka sauke canji-oba tukuna sannan a yi bincike.

Toh abin da ya fi bani haushi shine ina da sitabilaiza a kan tibin, kuma ita ma ta ƙone. Da yawanmu mun ɗauka in dai ka sayi sitabilaiza shikenan ka gama, nima haka na ɗauka shekara da shekaru. Ashe aikinta shine ta ɗaga wuta in ta yi ƙasa ta rage in ta ɗan yi sama, kuma tana da iyaka wadda aka rubuta a jikinta ko a kwalinta, in wutar ta wuce nan sai dai wadda aka yi ta da abin yanke wuta a ciki, kuma ba duka ke da shi ba. Wannan ƙas ƙas ɗin da kake ji tana yi, canza mataki take, kuma kafin ta canza wani bugun ya riga ya wuce ciki ya yi ɓarna. Haka bireka, mutane na cewa ai ina da bireka zata faɗi, a'a, bireka tana faɗuwa ne in kaya sun yi wa layi nauyi ko waya ta haɗu da waya, ba ruwanta da ƙarfin boltej ɗin da ya shigo.

Abin da dattijon nan ya saka min daga baya wata 'yar na'ura ce da bata fi girman bireka biyu ba, a cikin akwatin da ke bayan mita, tana nuna lamba da jan rubutu, kana tsaye kana ganin ƙarfin wutar da ke shigowa. Ya saita ta in wuta ta haura 250 ta yanke gidan gaba ɗaya, in ta faɗi ƙasa sosai ma ta yanke, kuma in aka dawo da wuta bata saki nan take sai ta ɗan jira ta ga ta zauna. Kuɗinta da kuɗin aiki gaba ɗaya basu kai abin da na biya na sabon kwamfireson firiza ba, nesa ba kusa ba. Cikin watannin nan na sha jin ta yi ƙas cikin dare in fito in ga lambar ta haura, in koma in kwanta hankalina kwance. Kuma kar a raina lo karan, wato wutar da ba ta da ƙarfi, shi ma kisan mummuƙe yake yi, domin injin firij ko na sumo in bai samu isasshiyar wuta ba sai ya yi ta gurnani yana ja da ƙarfi har koyil ya yi zafi ya ƙone. Shi yasa na ƙara wa firizar nata ɗan gad na soket, mai jira kamar minti uku zuwa biyar kafin ya saki wuta, saboda gas ɗin ciki ya lafa, don wannan ɗauke-kawo ɗauke-kawo da ake mana cikin minti ɗaya shi ke kashe kwamfireso.

Sai maganar damina. Tsawa daban take da duk wannan, bugu ne na ƙiftawar ido, kuma ba lallai ta faɗo kan gidanka ba, ko a nesa ta sauka kan layi zata iya biyo waya ta shigo, wani lokacin ma ta wayar dish ko eriya take biyowa ta kashe dikoda ta wuce cikin tibi. Akwai na'urar da ake sakawa don wannan, aikinta ta karkatar da bugun zuwa ƙasa, amma fa in gidan ba shi da at na gaskiya ai bata da inda zata kai shi. Anan ne nake kira ga masu gini da masu wayarin da su ji tsoron Allah, gidaje nawa ne aka yi musu wayarin da waya biyu kacal, ramin soket na uku fanko, ko a soka guntun rodi a ƙasa ace an yi at. Sandar jan ƙarfe ake binnewa mai tsawo, a wuri mai danshi, a ɗaure wayar da kyau. Masu sola da inbata ku ma wannan ya shafe ku, ku da kuka zuba dukiya a kan rufi. Kuma duk da haka in hadari ya haɗo ana walƙiya ni dai zare fulogi nake, har da wayar dish ɗin.

Ekstenshin ɗin nan da ake yawo dasu a baro masu ɗan jan maɓalli, yawancinsu ƙarin rami ne kawai, ba wata kariya a ciki, wayarsu siririya kamar gashi, a jona dutsen guga da hita a kai sai gobara. Ko na kirkin ma mai kariya a ciki yana gajiya, duk bugun da ya sha yana rage masa ƙarfi, wata rana zaka ga yana bada wuta lafiya lau alhali kariyar ta mutu tuntuni. Haka al'adar nan ta in fis ya ƙone a naɗa waya a mayar, dan Allah mu daina, fis ɗin an yi shi ne don ya ƙone a madadin kayanka. Kuma in an ɗauke wuta a kashe soket a lokacin, musamman in za a fita ko za a kwanta, ni na koya wa yarana har ƙaramar tasan wannan.

Amma Malam Edita duk abin da mutum zai saka a gidansa, taransfomar ta kowa ce. Mu bayan abin da ya faru muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa aka yi karo-karo, aka kewaye ta da waya aka sa ƙofa da kwaɗo, aka saka fitilar sola a kai, aka ƙara wa 'yan sintiri wani abu su riƙa zagayawa nan musamman ranakun da babu wuta. An kuma hana kowa hawa fol ya canza fes da kansa, don wannan ma yana jawo a tara gidaje kan layi ɗaya. 'Yan uwanmu masu sana'ar gwangwan kuma, sana'arku halal ce kuma tana ciyar da gidaje da yawa, amma in yaro ya kawo muku wayar jan ƙarfe mai kauri da sassafe ku tambaye shi inda ya samo. Wanda kayansa suka ƙone kuma kar ya tsaya ƙorafi a majalisa, ya rubuta takarda ya kai ofishin kamfanin da ke ba shi wuta ya riƙe kwafi, in ba a saurare shi ba hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki tana da ofisoshin sauraron ƙorafin masu amfani da wuta, ya kai can.

Ina roƙon wannan jarida ta samo ƙwararren injiniyan lantarki ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu ko da sau ɗaya ne a wata, da Hausar da kowa zai gane, musamman kafin azumi da lokacin zafi da mata da yawa ke cin bashi su sayi firiza don sana'ar ƙanƙara. Tamu dai an gyara ta bayan wata biyu, da kuɗin adashin da uwargida ta so ta yi wa 'yarmu kayan ɗaki da shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
daga Kurna, Kano.