Godiya ga gidan ceton dabbobin da suka ba ni kwikwiyo a Accra

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga shugabar gida, da likitan dabbobi, da samarin da ke share ɗakunan karnuka tun da sassafe.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ya dace in gode muku a fili, yadda 'yan'uwana na Zango za su ji. Ni mai kiwon tumaki ne a Madina. Ina sayo raguna a kasuwar Tulaku ta Ashaiman in yi kiwonsu zuwa Babbar Sallah, ɓarayi kuwa sun san lokacin kamar yadda na sani. Neman mai gadi ya kai ni wurinku.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ku miƙo mini kare don kawai na nema ba. Kun zaunar da ni kun yi ta tambaya: ina zai kwana, akwai inuwa, wa zai ba shi ruwa idan na tafi kasuwa? Da na ce a addininmu kare na gadi da kiwo da farauta ne, ba ya shiga ɗakin da ake salla, ba wanda ya yamutsa fuska. Sai ma ɗaya daga cikin samarinku ya zana mini yadda zan kafa masa rumfa kusa da garke, a ɗaga katako daga ƙasa saboda ruwan damina. Wannan mutuntawar ta tsaya mini a rai.

Kwikwiyon ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan gida, uban kuma Allah kaɗai ya sani. Ja ne, da farin tabo a ƙirji, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. A bakin kwata aka tsince shi, kaska ta cika masa kunnuwa, ciki ya kumbura da tsutsa. Yadda na same shi fes, gashi na sheƙi, na san an sha wahala a kansa.

Likita, Allah ya saka miki da alheri. Kin ba ni katinsa ɗauke da ranar kowace allura, kin bayyana mini cewa ta ciwon haukan kare ana yin ta idan ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Kin ce idan kare ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Da yawa a unguwanninmu toka ko magani na gargajiya suke shafawa, kuma yara ne suka fi shiga haɗarin. Gargaɗinki na kada a ba kare ragowar miya mai albasa da dafaffen ƙashin kaza ma na isar wa uwargida.

Yanzu ya saba da ragunan, ko ƙofa ta motsa da dare sai ya sanar da mu. Duk wanda ya yi mini maganar tsarki, nakan tuna masa hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa.

Roƙona ɗaya ne. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ku daure ku kawo allurar nan cikin Madina, da Nima, da Sabon Zango, domin akwai karnukan gadi da yawa da ba su taɓa ganin likita ba. Ni zan yi wa liman da masu unguwarmu magana a tara jama'a.

Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya, ya buɗa muku hanyar abincin dabbobin nan.

Naku,
Wani mai kiwon tumaki, Madina Zango, Accra