Wasiƙa ga Sani kan kiɗan roots reggae

Zuwa ga aminina Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ka ce yaranku na buga roots reggae amma amon ya ƙi zama. Ina zargin mai ganga ne.

Ka sa shi ya ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Bugu na ɗaya a bar shi fayau, kada ya taɓa babbar ganga. Sai a na uku ƙafa da sanda za su sauka tare, sandar a gefen ƙaramar ganga. Wannan shi ne one drop, salon da Carlton Barrett na Wailers, ƙungiyar Bob Marley, ya shahara da shi. Mai jita ya sari tsirkiya a na biyu da na huɗu, ya danne ta nan take. In ya bar ta tana kuka, kiɗan ya jagwalgwale. Jitar bes ce ke jan ragama: amo mai kauri, da hutu tsakanin jimla da jimla. A wannan ƙirgar, bugu 140 zuwa 160 a minti ya isa. Sabon makaɗi tsoron shiru yake ji, sai ya cike gurbin, shi ke nan nauyin ya tafi.

Nauyin nan kuwa yana da asali. Reggae ya fito daga kaɗe-kaɗen ska da rocksteady a Kingston, babban birnin Jamaika, wajen 1968, shekara shida bayan Jamaika ta sami 'yanci, talakan unguwar Trenchtown ta Kingston kuma bai ga canji ba. 'Yan Rastafari, waɗanda aƙidarsu ta tsiro bayan naɗin Haile Selassie na Habasha a 1930, suna da gangunansu uku na ibada, ana ce musu Nyabinghi. Babba tana ruri, ta tsakiya, funde, na bugu biyu-biyu kamar zuciya, ƙaramar kuma tana zuba magana a kai, kamar dai yadda kuntuku ke riƙe wa kalangu. Bayan Selassie ya ziyarci tsibirin Jamaika a Afrilun 1966, mawaƙa da yawa suka koma waƙa kan bauta, zalunci da komawa Afirka, wato jigon roots reggae. Abin da suke kira Babila shi ne duk tsarin da ke danne baƙar fata. Shi ya sa aka gayyaci Bob Marley bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980.

Ku nemi faya-fayen mawaƙin Jamaika Burning Spear na shekarun 1970, ku saurari bes kaɗai tukuna, a lasifika mai girma. Wayar hannu ba ta fitar da shi.

A gaida Umma da yara.

Naka har kullum,
Bala