Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masoya Hokin Ƙanƙara a Legas

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. A madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar muku da rahoton abin da muka yi daga Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025.

Zaman kallon wasa ya ci gaba a ɗakinmu na Agege, duk da cewa wasan ƙungiyar Toronto Maple Leafs da ake farawa da ƙarfe bakwai na yamma a birnin Toronto na Kanada sai tsakar dare ko ƙarfe ɗaya yake iske mu a nan. Muna godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin man janareto da shayi. Ba za mu manta da daren wasa na bakwai, wato wasan raba gardama na zagayen sili-ɗaya-ƙwale, da Florida Panthers a watan Mayu ba, lokacin da aka lallasa Toronto Maple Leafs da ci 6 da 1, ɗakin ya yi tsit, kowa ya nemi takalminsa ya kama hanyar gida.

Babban aikinmu na bana shi ne zaman nazarin sauye-sauyen da Maple Leafs ta yi a lokacin hutun gasa, kuma a nan muhawara ta fi zafi. Gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, tana ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, wanda ya kasance dala miliyan 88 a kakar 2024-25. Daga ciki, 'yan wasa huɗu kacal, wato Auston Matthews da William Nylander da John Tavares da Mitch Marner, sun lashe fiye da miliyan 46, sama da rabin kuɗin ke nan, sauran 'yan wasan kuma suka raba abin da ya rage. Kwamiti ya daɗe yana ganin cewa wannan tsari ne ke gurgunta ƙungiyar idan aka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, domin da zarar abokan hamayya sun tsare manyan, babu wanda zai ɗauki kayan.

Saboda haka ba mu ɗauki tafiyar Marner zuwa Vegas Golden Knights a matsayin rowa ba. Ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 96, aka ba Toronto Nicolas Roy a madadinsa. Tavares, wanda a da yake karɓar miliyan 11 a shekara, ya amince ya zauna shekara huɗu kan abin da bai kai miliyan huɗu da rabi a shekara ba, kuma a ganina wannan ce ciniki mafi riba da Brad Treliving, babban manajan Maple Leafs a lokacin, ya ƙulla. An kuma ɗaure matashi Matthew Knies na shekara shida kan miliyan 7.75 a shekara, a daidai lokacin da iyakar albashin ta tashi zuwa miliyan 95.5.

Inda muka rabu shi ne batun wanda zai cike gurbin. Marner ya tara maki 102, wato jimillar cin da ya yi da wanda ya taimaka aka yi, a kakar 2024-25, kuma wasu dattawanmu sun tsaya kai da fata cewa sababbin 'yan wasan da aka kawo, Roy da Matias Maccelli da Dakota Joshua, ko an haɗa su wuri guda, ba za su kawo wannan adadi ba. Ni ma wannan damuwa tana raina, ga ƙungiyar da rabonta da kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, tun 1967. Matsayar da kwamiti ya rubuta ita ce an raba kuɗin yadda ya kamata, amma har yanzu ana bukatar ƙwararren ɗan gaba guda ɗaya da zai yi wasa kusa da Matthews.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗin shiga da na fita a babban taro, kuma muna roƙon waɗanda ake bin su kuɗin wata su biya kafin a fara sabuwar kaka a watan Oktoba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya