Kurma ba za ta iya kiran 112 ba, a buɗe layin saƙo

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan ana lafiya ya aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan masu buƙata ta musamman da ake cin zarafinsu, musamman mata kurame da makafi, da kuma inda za su kai kuka idan abu ya faru.

Kullum a rediyo sai ka ji ana cewa wanda aka zalunta ya kira lamba kaza, ko ya kira 112, lambar kiran gaggawa. To tsakani da Allah yarinyar da ba ta ji ba ta magana ta yaya za ta kira? Shi mugun ma ya san haka, shi ya sa ya zaɓe ta tun farko, ya san ko ta dawo gida tana kuka tana nuni da hannu za a ce ba a gane me take nufi ba, wasu iyayen ma ko sun gane sai su ce a rufa asiri kar a ji kunya a unguwa. Idan an daure an kai ta ofishin 'yan sanda kuma babu mai fassara maganar hannu, sai a nemo ɗan uwa ya fassara, alhali wani lokacin ɗan uwan nan shi ne ake ƙara.

Ba wai babu doka ba ne fa. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a watan Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, kamfani kuma naira miliyan 1, a 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Akwai dokar VAPP ta 2015 kan cin zarafi. Akwai cibiyoyin da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Amma nawa ne daga cikin mutanenmu suka san da su?

Abin da na gani da idona shi ne su kansu masu nakasar sun riga mu nemo mafita a waya. Kurame suna kiran junansu ta bidiyo a WhatsApp, za ka ga mutum ya jingina waya a bango don hannayensa biyu su samu sakewa, yana zuba magana da hannu fuskarsa na faɗin sauran. Makafi kuwa saƙon murya suke turawa, wayar ma tana karanta musu rubutu. A guruf-guruf ɗinsu na WhatsApp ne mace za ta fara faɗin abin da ta kasa faɗa wa mahaifiyarta, nan take a samu wadda ta san lauya ko wadda za ta raka ta asibiti. Sai dai da kuɗin datarsu suke yin duk wannan, kuma wadda ke ƙauye ko wadda a gida aka ƙwace mata waya ba ta ciki.

Roƙona ga hukumar masu nakasa da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da gwamnatocin jihohinmu, a buɗe layin WhatsApp da na tes wanda zai karɓi rubutu da murya da bidiyo, da Hausa ba Turanci kawai ba, a ajiye masu maganar hannu mata a kai ana biyansu albashi. A haɗa kai da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa wato JONAPWD da sarakunan makafi da na guragu, su ne suka san gida-gida.

Mu kuma 'yan Facebook da TikTok don girman Allah mu daina ɗora fuskar wadda aka ci zarafinta da sunan neman mata taimako. Bidiyon zai yi ta yawo shekara da shekaru, ita kuma a unguwar nan za ta ci gaba da zama. A tura wa waɗanda za su iya yin wani abu a ɓoye ya wadatar.

Edita ku ma muna so ku riƙa buga adireshin cibiyoyin nan a jaridarku lokaci zuwa lokaci, ku sa da murya a shafinku saboda makafi. Na gode.

Wata mai karatunku daga Kano