Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan farin ruwa da jinin al'ada na farko

Agege, Legas.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Abbanki da ƙannenki duk lafiyarsu ƙalau, suna gaishe ki.

Dalilin wannan takarda magana ce da ta fi sauƙi a rubuce tsakanina da ke, domin ke ce 'yar fari, kin kuma san nauyin da ke tsakanin uwa da ɗan fari a wajenmu, wanda zaman Legas bai rage shi ba. A hutun da ya wuce na lura kin daina haɗa ƙananan kayanki da sauran wanki, kina wanke su da dare kina shanyawa a bayan ƙofa. Na san abin da kika fara gani, kuma kafin in yi nisa ina so ki sani cewa ba ciwo ba ne, ba ƙazanta ba ce, ba kuma wani laifi kika yi ba.

Yawancin 'yan mata jikinsu yakan fara sauyawa tsakanin shekara 8 zuwa 13. A wannan lokaci ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa suke fara fitar da wani sinadari da likitoci ke kira istrojin, wanda shi ne ke kawo ƙirgen dangi, ya sa tsawo ya ƙaru da sauri, ƙugu ya buɗe. Shi ne kuma yake sa bakin mahaifa da bangon farji su fara fitar da ɗan ruwan nan da kike gani a wandonki. Yakan fara bayyana kimanin wata 6 zuwa shekara guda kafin jinin al'ada na farko, saboda haka zuwansa sanarwa ce cewa ki fara shiri. Aikinsa shi ne wanke wurin daga ciki zuwa waje, da kiyaye ɗan tsamin da Allah Ya sanya a nan, wanda ke hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Na lafiya yakan zo garai-garai ko fari-fari, wani lokaci tsararo, wani lokaci da ɗan kauri, idan ya bushe a jikin wando ya koma rawaya-rawaya, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba shi da wari mai tashi. Nan gaba, idan al'adarki ta daidaita, za ki ga yana canzawa cikin wata: a tsakiyar watan zai yawaita ya yi yauƙi, wato lokacin da ƙwai ke fitowa ke nan, sa'annan ya koma ya yi kauri ya ragu. Wata nata yana da yawa, wata kaɗan, kuma duk lafiya ce. Abin da nake so shi ne ki san irin naki sosai, domin wadda ta san yadda jikinta yake ran lafiya ita ce ke saurin gane ranar da ya sauya.

Sauyin da za ki kula da shi ga shi. Idan ya yi kauri gudaji-gudaji kamar dagargajajjiyar awara, tare da ƙaiƙayi mai hana sukuni da jan fata, wannan galibi wata ƙwaya ce da ake kira kandida ta yi yawa, kuma ƙananan yara ma suna samunta, ba ta da alaƙa da lalacewar tarbiyya. Idan ya koma ruwan toka da ƙarni irin na kifi, ko ya zama kore, ko rawaya mai duhu, ko kina jin zafi wajen fitsari, ko ciwon mara da zazzaɓi, to ranar nan ki je wajen nas ɗin makaranta, ki kuma ce a kira ni. Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi idan an duba an san ko wanne ne.

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne mata da yawa ke cutar kansu. Duk abin da ya fito daga gaban mace, mutanenmu sukan yi masa kuɗin goro su ce ciwon sanyi ne, sai a shiga neman maganin abin da lafiya ce tsantsa. Kin sha ganin masu tallar magani a cikin motocin haya na danfo da bakin kasuwar Agege, da masu agbo, wato jiƙon maganin gargajiya na Yarbawa, a gorori, kowa yana rantsuwa nasa yana wanke mara tas. Wasu kuma kemis suke zuwa a haɗa musu kafso kala-kala, alhali irin waɗannan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, idan aka sha su ba bisa ƙa'ida ba, suna kashe har ƙwayoyi masu amfani da ke tsaron wurin, sai kandidar da ake gudu ta samu fili. Haka nan zuba Dettol a ruwan tsarki, ko cusa alif, ko bagaruwa, ko sabulu mai ƙamshi, ko turare. Kada ki saka kome a ciki, ko da babbar mace ce ta ba ki shawara, ko da ƙawar da kika fi yarda da ita ce. Cikin yana wanke kansa. Naki shi ne waje kawai, da ruwa mai tsabta, kina wankewa daga gaba zuwa baya, ba daga baya zuwa gaba ba, sa'annan ki tsane jikinki kafin ki mayar da wando.

Maganar wando kuwa, ki riƙa sa na auduga, ki canza kullum, idan kin yi gumi ki ƙara canzawa. Garin nan da laima yake, musamman da damina, kuma wandon da aka shanya a lungu saboda kunya yakan kwana biyu bai bushe ba. Ki shanya a rana ko inda iska ke kaɗawa. Idan idon mutane ne damuwarki, ki yafa siririn ɗankwali a kai. Sa wando mai danshi ya fi a ga shanyarki muni nesa ba kusa ba.

Shi jinin al'ada, asalinsa shimfiɗa ce da mahaifa ke yi a bangonta kowane wata domin tanadin ciki, idan babu ciki sai shimfiɗar ta saki ta fito tare da jini. Ba rauni kika ji ba, ba kuma wani mugun jini ne jiki ke zubarwa ba. Yakan zo bayan ƙirgen dangi da kamar shekara 2 zuwa 3, yawanci a shekara 12 ko 13, kodayake wata takan riga haka, wata ta yi jinkiri. Na farkon sau da yawa ba ja ba ne, ɗan ɗigo ne ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, har yarinya ta zaci wani abu ne daban. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, kuma duk jinin da ke fita a waɗannan kwanaki bai cika wuce cokalin cin abinci biyu zuwa uku ba, ko da yake a ido ya fi haka yawa. A shekarun farko ba ya bin lissafi sosai, domin ba kowane wata ƙwai ke fita ba: tsakanin farkon wani da farkon na gaba zai iya zama kwana 21, zai iya kaiwa 45. Ki ware shafi a bayan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya zo da ranar da ya ɗauke. Likita zai tambaye ki wannan, malamar fiƙihu ma haka.

Idan ya same ki a aji, kada ki rikice. Ki ɗaura rigar sanyi a ƙugu ko ki saki hijabinki, ki nemi izini ki fita. Daga yau audugar mata ɗaya da wando ɗaya su zauna a jakar makarantarki cikin 'yar leda. Ana canza audugar duk bayan awa 4 zuwa 6 ko da ba ta cika ba, a naɗe ta a takarda ko leda a sa a kwandon shara. Kada ki jefa ta a masai ko a kwata, kin dai ga yadda magudanun unguwarmu ke toshewa da an yi ruwa. Idan ta ƙare miki, ƙunzugu na tsumma mai tsabta ba abin kunya ba ne, da shi iyayenmu suka rayu, sharaɗinsa a wanke da sabulu a busar a rana. Idan kuma kika ga jini ya ɓata wa wata siket, ki matsa kusa ki faɗa mata a hankali ki rufa mata asiri, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ciwon mara a rana ta farko da ta biyu abu ne da aka saba, mahaifa ce ke matsewa don ta fitar da abin da ke cikinta. Ruwan ɗumi a gora a ɗora a mara yana taimakawa, haka tafiya kaɗan, haka farasitamol ko ibufurofen bayan an ci abinci, gwargwadon yadda nas ta ce. Za ki iya ganin ƙuraje a fuska, ƙirji ya yi nauyi, ko ranki ya riƙa ɓaci ba dalili, yana wucewa. Ki yi wankanki kamar kullum, masu cewa ba a wanka ko ba a wanke kai a kwanakin nan ba su da hujja. Ki ci wake da hanta da kifi da ganye, alayyafo ko zogale ko ugu, saboda suna mayar da sinadarin ƙarfe da jini ke tafiya da shi. Amma idan jinin ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa auduga sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko kina jiri da haki, ko ciwon ya hana ki shiga aji, ko ya ɗauke har wata 3, wannan na asibiti ne, zan zo da kaina mu je Babban Asibitin Orile-Agege. Haka ma yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ya kamata a duba ta.

Ta fuskar addini, kun karanta babin haila a Ahalari a Islamiyya, yanzu ne karatun zai yi miki amfani. Farin ruwan nan ba haila ba ne, ba ya hana salla ko azumi, ki yi tsarki ki yi alwala ki yi sallarki. Ranar da kika ga jini kuwa kin balaga, alƙalami ya hau kanki. Za ki ajiye salla da azumi har ki samu tsarki, ki rama azumi, ba a rama salla. Alamar tsarki biyu ce, ko bushewar wurin, ko fitowar wani farin ruwa a ƙarshen jinin, daga nan sai wanka. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon kwanakin mai farawa 15 ne, amma kada wannan ya rikita ki da kwana 7 da na ambata: malamai suna maganar hukuncin ibada ne, likitoci suna maganar lafiyar jiki, kuma kowanne ana bin sa a muhallinsa. Lokacin da haila ta zo wa Nana A'isha a hanyar aikin Hajji har ta yi kuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ce mata ya yi wannan abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Zikiri da addu'a da salati duk suna nan a buɗe gare ki.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda gara ki ji ta daga bakina. Za ki ji ana cewa da namiji ya taɓa hannunki sai ciki, wannan ba gaskiya ba ne, tsoratarwa ce kawai. Gaskiyar ita ce ciki yana samuwa ta hanyar saduwa, kuma jikin yarinya yana iya ɗaukarsa daga wannan lokaci, har ma gab da ta ga jinin farko, domin ƙwai yana iya riga jinin fita. Jikinki amana ne a hannunki. Duk wanda ya nemi taɓa ki inda bai dace ba, ko ya yi miki maganar banza, malami ne ko maƙwabci ko ɗan'uwa na jini, ki bar wurin, ki faɗa mini ko da ya yi miki barazana, zan saurare ki kuma ba ke zan tuhuma ba.

Na haɗa miki saƙo da audugar mata fakiti biyu, da wanduna na auduga, da sabulu marar ƙamshi, Goggonki za ta kawo miki ranar ziyara. Idan akwai abin da kika ji nauyin tambayata, ki tambaye ta, na riga na yi mata magana, ko ki rubuto a takarda ki ba ta a rufe. Ki gaishe da malamanku da ƙawayenki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki.

Wassalam,
Mahaifiyarki.